Aikin tof silinda da sifanonin tok guda biyu, mai ƙas da mai batir

Asabar, 4 ga Janairu 2025

Toh jama'a, tof silindar motar nan tana wajen masu goge fuska, gasket ya ƙone tsakanin silinda ta biyu da ta uku, kafin ta dawo nace bari na zauna na duba kayan da zan ɗaure ta dasu, dan ba zai yiwu mutum ya sayi sabon gasket da sabbin bol goma ba sannan ya ɗaure su da abin da bai san gaskiyarsa ba.

Sifanar tok, wato sifanar da ke auna ƙarfin ɗaurin bol, biyu gareni. Ta farko tsohuwa ce mai ƙas, mai bakin rabin inci, tana ɗaukar 40 zuwa 200 Nm (niyuton-mita, ma'aunin ƙarfin murɗi), ita nake ɗaure tayoyi da manyan notuna da ita tun da daɗewa. Ta biyu sabuwa ce mai batir da ɗan sikirin, bakin 3/8, daga 6.8 zuwa 135 Nm, tana kuma auna digiri, wanda shine ma dalilin da yasa na neme ta tunda littafin injin nan yace 40 Nm sannan digiri 90 sannan wani 90 ɗin.

Matsalar tana wajen tsohuwar. Na bada aronta kwanakin baya, da ta dawo ban buɗe akwatin ba sai yau, ina buɗewa na ganta a murɗe kan 190, wato sifirin (spring) ɗin ciki yana matse tun ranar da aka gama aiki da ita. Ga kuma wani sabon tabo a gefen kan racet ɗin kaman ta sha ƙasa. Ba zan ce komai ba, wanda ya ara ya san kansa.

Talata, 7 ga Janairu

Ga wanda bai taɓa ganin cikin mai ƙas ba, abin ba wani siddabaru bane. Hannun bututu ne, a ciki akwai sifirin mai ƙarfi, idan ka murɗa mariƙin kana matse shi ne ko sassauta shi. Sifirin ɗin yana danne wani ɗan ƙarfe mai kusurwa a jikin wutsiyar kan racet, kana ja kana ja har ƙarfin hannunka ya rinjayi sifirin ɗin, sai ɗan ƙarfen ya kauce, wutsiyar ta bugi jikin bututun, shine ƙas ɗin da kake ji. Shikenan. Ba ta hana ka ci gaba da ja, sanarwa kawai take yi, idan ka ƙi tsayawa bol zai ci gaba da ɗauruwa.

Shi yasa duk ingancinta ya rataya a kan sifirin da kuma giris ɗin da ke kan wancan ɗan ƙarfen. Masu ƙera su sukan ce a mayar da ita kan lamba mafi ƙanƙanta bayan aiki, tawa 40 kenan, amma kar a wuce ƙasa da haka a kwance ta gaba ɗaya, saboda idan babu matsi ko kaɗan ƙananan kayan ciki suna iya gocewa daga mazauninsu. Na san akwai masu cewa sifirin mai kyau ba ya gajiya dan an bar shi a matse, ai motarka ma a kan sifirin take kwana. Ina jin su, kuma wataƙila a sifana mai tsada haka ne, amma sassautawar ba ta cin komai banda daƙiƙa biyar, ni dai ina sassauta tawa.

Mai batir kuma babu sifirin a cikinta sam. Wani siririn ma'auni ne aka manna a jikin sandar ƙarfen ciki, idan sandar ta ɗan lanƙwasa da ƙarfin ja sai wutar da ke bi ta cikinsa ta canza kaɗan, kwamfutar ciki ta mayar da canjin lamba. Dan haka ita ba ruwanta da sassautawa, nata ciwon daban ne, zamu zo kansa.

Lahadi, 12 ga Janairu

Yau na yi gwajin nauyi, kuma wannan kowa zai iya yi a gida.

Tok dai ƙarfi ne sau tsawo. Ka ɗaure bakin sifanar a bayis ta kwanta a miƙe, ba sama ba ƙasa, ka auna daga tsakiyar bakin zuwa layin da ke tsakiyar mariƙi, tawa santimita 42 ce. Sai ka rataya nauyin da ka sani a daidai wannan layin. Na cika jarka da ruwa na ɗora a sikeli har ta kai kilo 20 cif da igiyar da komai, ban dogara da rubutun lita 20 na jikinta ba tunda ita kanta jarkar tana da nauyi kuma ba kowace ke cika daidai ba. Lissafin: 20 sau 9.81 sau 0.42, ya bada 82.4 Nm. Ita ma sifanar tana da nata nauyin da ke jan ta ƙasa, kusan 3 Nm, dan haka abin da ke kan bakin ya kai 85.

Kafin na fara sai da na saita ta a tsaka-tsaki na yi ta ƙas-ƙas sau da dama a bayis ɗin, dan giris ɗin ciki ya warware, sifanar da ta daɗe a ajiye ƙas ɗinta na farko yakan zo sama da inda ya kamata.

Sai na saita ta a 100 na saki jarkar a hankali, shiru. Kar ka saki nauyin farat ɗaya, girgizar kaɗai zata sa ta yi ƙas, ka tallafe shi da hannu kana janyewa sannu sannu. Na sauko 96 shiru, 94 shiru, a 92 tace ƙas. Na maimaita, 92 ɗin dai.

Ma'ana idan na saita 92, 85 take bani. Wajen kashi 7 zuwa 8 cikin ɗari ƙasa. Ƙa'idar ISO 6789 da ake bi wajen irin waɗannan kayan ta yarda da kashi 4 sama ko ƙasa ga irinta, wato a 92 bai kamata ta sauka ƙasa da 88 ba. Da jarka biyu, kilo 40, abin da ke kan baki wajen 168 ne, tana yin ƙas har a 180. Dan haka ba a waje ɗaya bane, duk tsawon sikelin ta yi sanyi.

Na maida mai batir kan bayis ɗin, nata tsawon santimita 35 ne, kilo 20 ya kamata ya bada 68.7 da ɗan nauyin kanta, ta nuna 70.3. Takardarta tace kashi 2 a ɗaurin dama. Na gamsu.

Wannan gwajin fa ba ya maye gurbin na'urar masu saiti, sikelina ma yana da nasa kuskuren, tef ɗin awo ma haka. Amma kashi 8 ya fi ƙarfin kuskuren sikeli.

Asabar, 18 ga Janairu

An tura mai ƙas wajen masu saiti. Na nemi su rubuta min yadda suka same ta da yadda suka bar ta, duka biyun, dan ina so na ga ko jarkata ta faɗi gaskiya.

Wani abokin aiki yace me yasa ban buɗe gindin mariƙin na murɗa notin saitin da kaina ba, ai ana yi. Gaskiya ana yi, kuma da a waje ɗaya nake amfani da ita, misali tayoyi kawai, da sai na gyara ta a wannan lambar na huta. Amma idan ka gyara 100 da hannu ba lallai 40 da 200 su biyo ka ba, su kuwa masu na'ura a wurare uku suke gwadawa, ƙasa da tsakiya da ƙarshen sikeli, a tsarin ISO 6789 na 2003 kashi 20 da 60 da 100 na iyakarta ne, kowanne a maimaita shi, kuma a ɗaki mai zafi tsakanin digiri 18 da 28. Ga kuma batun faɗuwar da nake zargi, idan wani abu ya tsage a ciki murɗa noti ba zai nuna min ba.

Ƙa'idar dai tace duk wata 12 ko ɗauri 5,000, wanda ya fara zuwa. Sannan duk lokacin da ta faɗi ko aka ja ta ta wuce iyakarta da kashi 25, a kai ta ba sai an jira shekara ba. Mai gareji da ke ɗaure tayoyi kullum zai cinye dubu biyar ɗin nan tun kafin shekara, mota ɗaya ma noti 16 ne ko 20.

Lahadi, 19 ga Janairu

Na zauna da mai batir yau ina koyon halinta a kan wani tsohon bulok da ke ajiye, dan bana so ranar ɗaurin tof ya zama ranar koyo.

Abu na farko, lokacin kunnawa take ɗaukar sifili, dan haka kar a kunna ta tana kan bol ko hannunka yana danne da ita, idan ba haka ba duk abin da ta nuna daga baya a karkace yake. Idan kuma za a auna digiri sai an ajiye ta a kan tebur ba motsi na 'yan daƙiƙu har ta gama nutsuwa, na gwada kunna ta a hannu ina tafiya, ƙin shiga ma ta yi.

Na biyu, tana da yanayi biyu, ɗaya lambar tana hawa da sauka yadda kake ja, ɗaya kuma tana riƙe lamba mafi girma da ka kai ko bayan ka saki. Na biyun shine na aiki, kuma shine yake tona asiri. Na saita 40, fitilu suka fara kunnuwa, ta yi ƙara ta girgiza, na saki, na duba sikirin 44.6. Ba laifinta bane, ita bata sakin jiki kaman mai ƙas, babu wani abu da zai kauce a hannunka, tsakanin kunnenka ya ji ƙara da hannunka ya tsaya ka riga ka wuce. Dabarar ita ce da fitilar farko ta kama ka rage gudu sosai, ka shiga lambar da jan ciki. Da na saba sai na riƙa samun 40.3, 40.8, irin haka.

Nan ne na fara tunanin su nawa ne cikinmu ke wuce gona da iri da mai ƙas ba tare da sun sani ba, tunda ita bata da sikirin da zai nuna maka abin da ka yi bayan ƙas ɗin.

Na uku, maɓallin canza ma'auni. Tana da Nm da ft-lb da in-lb da kg-cm, kuma maɓallin yana daidai inda babban yatsa ke sauka. 1 ft-lb daidai yake da 1.356 Nm, 1 kgf-m kuma 9.8 Nm. Amma wanda yafi cin mutane shine in-lb da ft-lb, wato na inci da na ƙafa, tsakaninsu ninki 12 ne. Littafi zai ce 89 in-lb, wato 10 Nm, ƙaramin bol na murfin bawul, idan ka karanta shi a ft-lb kana neman 120 Nm kenan a kan bol M6 mai kaurin milimita 6, tun kafin ka je ko'ina kansa ya dawo hannunka. Yanzu kafin kowane ɗauri sai na kalli ƙananan haruffan kusurwar sikirin.

Laraba, 29 ga Janairu

Tof ta dawo, fuska sumul. Mai ƙas bata dawo ba tukuna. Na wanke ramukan bol na bulok, kuma a nan nake so na ɗan tsaya dan shine abin da yafi komai muhimmanci a ganina, ya ma fi maganar wace sifana ce tafi kyau.

Abin da muke nema a ɗauri ba murɗi bane, matsi ne. Bol idan ka ɗaure shi miƙewa yake yi kaɗan kaman danƙo, wannan ƙoƙarin komawar da yake yi shine yake danne tof a kan gasket. Sifanar tok kuwa bata ganin miƙewar, wahalar juyawa kawai take ji, kuma kusan kashi 90 na wannan wahalar gogayya ce, wajen rabi a ƙarƙashin kan bol, sauran a tiredi, abin da ke tafiya ga ainihin matsin bai wuce kashi 10 ba. Dan haka duk abin da ya taɓa gogayya ya taɓa sakamako, ko da sifanarka yau ta fito daga saiti.

Ga lissafi mai sauƙi. Ana ƙiyasta tok da K sau kaurin bol sau matsi, K lambar gogayya ce, ta busasshen ƙarfe wajen 0.2 ce. Ɗauki M10 mai lambar ƙarfi 8.8 a kai, ana ɗaure shi wajen 49 Nm a bushe, matsin ya kama 24,500 N, kusan tan biyu da rabi. Shafa masa mai K ya sauko 0.15, ka ɗaure a 49 ɗin dai, matsi ya haura 32,000 N, ka kusa iyakar abin da bol ɗin zai ɗauka ya koma yadda yake. Idan kuma irin giris ɗin nan mai hana tsatsa ne mai santsi sosai, kana iya wuce iyakar gaba ɗaya, sifana kuma tana ce maka lafiya lau. A ɗaya gefen, tsatsa ko datti a tiredi zai sa ta yi ƙas da wuri bol bai miƙe ba, gasket yana zaune sakwa-sakwa.

Shi yasa idan littafi yace a bushe to a bushe, idan yace shafa man inji kaɗan a tiredi da ƙarƙashin kai to haka za a yi, lambar da ya bayar da wannan sharaɗin aka auna ta. Nawa yace a shafa.

Ramukan kuma sai an busar da su tas. Ramin bol ɗin tof rufaffe ne a ƙasa, idan mai ko ruwa ya taru a ciki bol zai sauka a kansa, ruwa kuma baya matsuwa, sifana zata nuna ta kai alhali ruwa kake matsawa, wani lokacin har bulok ya tsage. Na hura iska na bi da tsumma a kan siririn ƙarfe har ya fito a bushe, sannan na ɗauki tsohon bol ɗaya na yanka masa tsaga biyu a tsaye na riƙa zura shi yana kwaso dattin tiredi, har sai da kowane rami ya karɓi bol da yatsu kawai zuwa ƙasa.

Asabar, 8 ga Fabrairu

An ɗaure tof.

Sabbin bol, tunda irin waɗanda ake ja har su wuce iyakar komawarsu ne, ba a maimaita su sai dai idan littafi ya bada awon da za a duba. Daga tsakiya zuwa waje, a jere yadda zanen ya nuna. Ban tafi 40 kai tsaye ba, na zagaya da 20 tukuna sannan 40, dan idan ka ɗaure na farko sosai sauran suna sake, tof ɗin karkacewa take yi, kuma da ka ɗaure na kusa dashi na farkon zai saki.

Sai digiri. Ga wanda ke mamakin me yasa masu ƙera injin zamani suka koma digiri, amsar tana cikin abin da na rubuta ranar 29. Digiri ba ruwansa da gogayya sosai. Tiredi mai tazarar milimita 1.5, zagaye ɗaya yana shiga 1.5, digiri 90 kuma 0.375, ko da mai ko babu. 40 Nm ɗin farko dan komai ya zauna ne, digirin shine ainihin matsin.

Duk da sifanar tana ƙirga digiri sai da na ɗiga fenti a gaban kan kowane bol. Dalili biyu, idan wani ya kira ka ana tsakiyar aiki ka dawo fentin zai gaya maka wanne ka yi wanne baka yi ba, sannan shaida ce ta biyu a kan na'urar. Bayan zagaye biyu duk ɗigon goma suna kallon baya, digiri 180. Wajen bol biyu na can ciki hannun baya samun filin 90 a ja ɗaya, sai na yi 50 na mayar da racet na ƙarasa, tawa tana tara lissafin, amma ba kowace ke yi ba, ka duba taka.

Abu ɗaya da ban so ba, a 90 na biyu sikirin yana nuna tok ɗin da ake kai, na ga yana taɓa 110 zuwa 120, iyakarta kuma 135. Bata wuce ba amma ta kusa. Da injin ya fi haka girma da doguwar sanda zan ɗauka da faifan digiri, ba zan wahalar da ita ba.

Yaron da ke taya ni yace Oga ai da mun ƙara ɗan kaɗan dan tabbatarwa. Nace masa a'a, kuma ya cire hannunsa daga kan soket ɗin.

Lahadi, 9 ga Fabrairu

Ƙananan kaya yau. Murafen kamshaf da murfin bawul da manifol da fulogi, duk da mai batir. Fulogi mai tiredi milimita 14 a cikin tof na alminiyom galibi 25 zuwa 30 Nm ne ga mai washa, kuma inji a sanyaye, amma wasu injinan ƙasa da haka suke so, littafi dai.

Akwai notin fayif ɗaya da soket baya shiga, sai da na maƙala ɗan kan sifana mai buɗaɗɗen baki a bakin ta. Wannan yana ƙara tsawo, dan haka lamba ta canza. Tsawon sifana 35, ƙarin 5, ina neman 40, sai na saita 40 sau 35 a raba da sabon tsawon, 40, wato 35. Da na bar ta a 40 da notin ya sha kusan 46. Idan ka juya kan ya yi kusurwar digiri 90 da sandar sifanar kuwa ba sai ka yi lissafi ba, tsawon bai ƙaru ba. Shi kuma dogon ƙarfen nan da ake sawa tsakanin baki da soket dan a kai rami mai zurfi, wannan baya canza komai muddin a miƙe yake, ka dai tallafi kan racet da ɗaya hannun kar ya karkace.

Bol ɗin 9 da 10 Nm sun ɗan dame ni, suna can ƙasan sikelin mai batir. Yawancin sifanonin tok daga kashi 20 na iyakarsu zuwa sama ake lamunce ingancinsu, kashi 20 na 135 kuwa 27 ne. Na ɗaure su da ita amma ina bin abin da hannuna ke ji. Wajen nan ƙarama mai bakin 1/4 ake buƙata.

Lahadi, 16 ga Fabrairu

Inji ya tashi, ya yi zafi fanka ta kama ta tsaya, ruwa baya raguwa, babu kumfa a lagireto. Alhamdulillah.

Mai ƙas ma ta dawo da takardarta. Yadda suka same ta, kashi 6 zuwa 7 ƙasa a duka wurare ukun, jarkata bata yi nisa da gaskiya ba kenan. Sun wanke ciki sun sa sabon giris sun saita, yanzu tana cikin kashi 2. Babu abin da ya tsage.

Na ɗaure tayoyi da ita. Ƙananan motoci da yawa suna tsakanin 100 da 120 Nm, Corolla 103, Civic 108, amma kowa ya duba nasa. A bushe, a tsallake-tsallake kaman zanen tauraro ba a zagaye ba, mota a ƙasa da ɗan nauyi a kan taya.

Na nuna wa yaron abubuwan da nake gani kullum a wajen masu ɗauri. Wani zai sa bindigar iska ya ɗaure noti iya ƙarfinta, sannan ya ɗauko sifanar tok ya ɗora, ƙas nan take, yace ya yi daidai. Bai auna komai ba, abin da ya sani kawai notin bai gaza 103 ba, yana iya zama 200. Dole noti ya kasance yana tafiya lokacin da ƙas ya zo. Haka idan ka tsaya gab da kaiwa ka sake ja, tayar da noti daga tsaye yafi ci gaba da juya shi wuya, sai ta yi ƙas bai motsa ba alhali bai kai ba, gara ka sassauta shi kaɗan ka sake ɗaukowa a ja ɗaya. Sai masu ƙas-ƙas-ƙas sau uku a noti ɗaya, kowane ƙarin ƙas ɗin ɗan ƙarin ɗauri ne. Sai riƙo, a tsakiyar mariƙi inda layin yake, saboda inda kan ke lanƙwasawa a ciki ba daidai yake da tsakiyar soket ba, idan ka matso da hannu gaba ko ka zura fayif a baya lambar ta tashi daga aiki. Kuma ja ake yi a nutse, ba fizga ba.

Kwancewa kuma ba aikinta bane ko kaɗan. Notin da ya yi tsatsa yana iya neman ninkin abin da aka ɗaure shi dashi, doguwar sanda tana nan dan wannan.

Asabar, 1 ga Maris

Na sake bin notunan taya bayan tafiyar farko, ana so a yi hakan bayan kilomita 50 zuwa 100 musamman rim na alminiyom, babu wanda ya motsa. Tof kuma ba a sake taɓa ta, irin waɗannan bol ɗin ba a bin su.

Inda na tsaya a kan su biyun, mai ƙas ita ce ta kullum, tayoyi da ƙafar mota da duk inda kake kwance a ƙasa baka ganin sikirin ko gareji ya cika da ƙara, hannunka zai ji ta ko ido a rufe, kuma bata taɓa ce maka batir ya ƙare. Mai batir ta aikin cikin inji ce da digiri, kuma ita zan riƙa gwada ɗayar da ita lokaci lokaci, na haɗa soket biyu a kan dogon noti ɗaya baki da baki, na gwada a 60 da 100 sun yi kusa sosai. Wanda zai sayi ɗaya tak kuma ba injin zamani yake buɗewa ba, ni mai ƙas zan ce masa, da faifan digiri a gefe.

Na goge su da busasshen tsumma, ba fetur ba kananzir, fetur yana shiga ya wanke giris ɗin mai ƙas, yana kuma cin robar maɓallan ɗayar. Kan racet kaɗai na ɗiga wa mai. Mai ƙas ta koma 40 na kulle, mai batir na cire mata batiran na sa su a gefe cikin akwatin, tunda zata iya yin wata biyu ban taɓa ta ba kuma batir idan ya yi yoyo a ciki ya ci ƙarafen shikenan. Na manna takarda a cikin murfin kowanne da ranar saiti, na mai ƙas Fabrairu 2026 zai cika, na kuma rubuta lambobin gwajin jarka dan na samu abin kwatantawa nan da wata shida.

Saura ƙaramar mai bakin 1/4, ina neman wadda ke tsakanin 5 da 25 Nm, dan aikin gaba kwanon man giya ne kuma bol ɗinsa duk M6 ne cikin alminiyom.